Na ɗora Puppet a kan sabbin VM na Daura ina zaune a Katsina

Sabar tana Daura, ni ina Katsina, tsakaninmu kusan kilomita 80. Wata cibiyar koyon kwamfuta ce ta ba ni aikin. Suna da babbar kwamfuta guda, wato sabar, mai manhajar Proxmox, wadda da ita ake ƙirƙirar ƙananan kwamfutoci na manhaja a cikinta, waɗanda muke kira VM, kuma guda 12 suke so kafin sabbin ɗalibai su fara. Na riga na yi zirga-zirgar hanyar nan har ta ishe ni, shi ya sa na ƙudurta cewa wannan karon daga ɗakina a Ƙofar Ƙaura zan gama komai.

Puppet nake amfani da shi wajen kula da saitin injina. Luke Kanies ne ya fito da shi a 2005, kuma tsarinsa shi ne kowane inji yana da wakili wanda duk bayan minti 30 yake tuntuɓar uwar saba, wato injin da ke riƙe da saitin kowa, ta ƙofar netwok mai lamba 8140, ya tambayi yadda ake so ya kasance, ya gyara kansa. To amma sabon inji ba shi da wakili, Puppet kuwa ba ya iya ɗora kansa inda babu shi. Nan na kawo Ansible, manhajar aika wa injina umarni daga nesa, wanda Michael DeHaan ya fara a 2012, domin shi SSH (hanyar shiga inji daga nesa) da harshen Python kawai yake nema a wurin injin. Aikin ungozoma na ba shi: ya karɓi haihuwa, ya yanke cibi, ya miƙa wa Puppet reno.

Daren farko bayan sallar isha na kwafi VM 12 daga samfurin Ubuntu da na shirya, na saki Ansible nan take. Fiye da rabinsu suka ƙi, apt, mai ɗora manhajoji a Ubuntu, na cewa wani yana riƙe da kwaɗon dpkg, wato kwaɗon da ke hana biyu su ɗora manhaja a lokaci ɗaya. Ashe cloud-init, mai shirya sabon inji, bai gama aikin tashin farko ba, yana can yana sabunta manhajoji. Akwai masu goge fayil ɗin kwaɗon su wuce, ni ban yarda da haka ba, don mai riƙe da shi aiki yake yi, in ka katse shi kai za ka kwana kana gyaran ɓarna. Na sa cloud-init status --wait a matsayin umarnin farko, wannan ta wuce.

Sai ga injina uku da adireshin IP ɗaya. In na shiga ta SSH yanzu in ga suna kaza, anjima in ga wani. Na bar /etc/machine-id da lambarsa a cikin samfurin, Ubuntu kuwa daga wannan lambar yake fitar da shaidar da yake nuna wa DHCP, mai raba adireshin IP, don haka duk 'ya'yan samfurin suka zo da fuska ɗaya. Na koma na share abin da ke cikin fayil ɗin, na yi cloud-init clean, na sake ajiye samfurin.

Wadda ta ci mini kwana biyu ita ce ta agogo. An ɗauke wuta da rana, batirin sola ya kasa, sabar ta mutu ta sake tashi. Da na dawo aiki, apt ya ce fayil ɗin Release, wanda yake dubawa kafin ya sauko da manhajoji, lokacin fara aikinsa bai yi ba tukuna, wakilan Puppet da suka riga suka hau kuma suka ƙi amincewa da satifiket ɗin uwar saba, wato takardar shaidarta, su ma da dalili iri ɗaya. Na binciki VPN, na binciki DNS, na sake fitar da satifiket har sau biyu. Ban duba kwanan wata ba, don zuciyata ba ta kawo mini shi ba.

Matashin da ke kula da ɗakin sabar na kira da safe. Ina cikin yi masa bayani ya ce, "Yaya, ai agogon sabar nan duk aka ɗauke wuta sai ya koma baya, ni nake gyara shi da hannu."

Na ce, "Ƙanena, tun yaushe?"

Ya ce tun damina. Ƙaramin batirin nan CR2032 na cikin allon sabar ya mutu, VM kuwa daga sabar suke ɗaukar lokaci idan suna tashi. Ga shi an toshe ƙofar UDP 123, wadda ta nan ake daidaita agogo, a katangar tsaron netwok ɗin, babu hanyar da za su tambayi lokaci daga waje. Satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, injin da yake ganin yana shekarun baya ba zai karɓi takardar da a wurinsa ba a ma rubuta ta ba. Mun buɗe ƙofar, na sa chrony, manhajar daidaita agogo, a cikin samfurin kansa, tunda in agogo ya karkace apt ba zai ɗora shi ba, sannan na sa chronyc waitsync, don a jira agogo ya daidaita kafin a taɓa komai na Puppet. Batirin kuma na saya a nan Katsina, na ba direban motar Daura a tasha.

Shugaban cibiyar ya tambaye ni ko ba za a bar uwar saba ta riƙa sa hannu a satifiket ɗin kowane sabon inji da kanta ba, a huta. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ɗakin nan ɗalibai ne ke shiga da kwamfutocinsu." In aka sa alamar tauraro (*) a fayil ɗin autosign.conf, wato a amince da kowa, duk wanda ya kai ƙofa 8140 ya faɗi suna zai samu satifiket, ya kwashi saitin da aka tanadar wa wannan sunan, har da kalmomin sirri in suna ciki. Yanzu Ansible ne ke kiran puppetserver ca sign --certname da sunan injin da shi ya ƙirƙira kaɗai. In za a sake amfani da tsohon suna, sai an fara yin ca clean, in ba haka ba sabon makulli ba zai dace da tsohon satifiket ba.

Netwok ɗin gida yana yankewa ana tsakiyar aiki, don haka na mayar da Ansible kan wata 'yar VM can Daura, ina shiga in sake shi cikin tmux, wanda ke barin aiki ya ci gaba ko netwok ya yanke. Makon jiya suka nemi ƙarin guda 4. Na saki aikin bayan la'asar, netwok ya ɗauke, da na sake shiga kafin magariba na tarar huɗun sun kai rahotonsu na farko ga uwar saba.