Ofishin da iska ke ratsawa

Jiya na raka Inna karɓar wata takarda a wani ofishin gwamnati a nan Maruwa. Azahar ce, zafin Afrilu ya haura digiri 40, ga shi an ɗauke wuta. Amma wallahi ba mu ji jiki ba. Tsohon gini ne mai dogon rufi, tagoginsa na kallon juna, iska ta shigo ta nan ta fice ta can, baranda mai faɗi kuma ta tare wa bango rana. A tsakar gidan akwai darbejiya biyu, an jera benci a inuwarsu, har Inna ta fara gyangyaɗi. Ma'aikacin yana cike takardu da hasken taga kawai.

Abin da ke ci mini rai shi ne sababbin gine-ginen da ake yi mana, har da asibiti da makaranta: gilashi ko'ina, kwano dab da kai, taga ba ta buɗuwa. Da wuta ta tafi, mai jego da tsoho ne ke shan wahala. Alhali 'yan ƙabilar Musgum na garin Pus, a nan arewacin Kamaru, tun kaka da kakanni suke barin kafa a ƙolin ɗakin laka domin zafi da hayaƙi su fita ta sama.