Godiya ga Sistar masu farfaɗiya da ta tsaya mini har na sauka lafiya

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, Allah ya sauke ni lafiya, an samu 'ya mace, ni da ita lafiyarmu ƙalau. Waɗanda suka kira, da masu turo saƙo, da waɗanda suka yi ta mana addu'a ba mu ma sani ba, na gode, Allah ya bar zumunci. Maigidana da mahaifiyata kuwa tasu godiyar ba ta rubutuwa, baki da baki zan yi musu ita.

Amma yaba kyauta tukuici, kuma akwai wadda nake so in gode wa a bainar jama'a: ma'aikaciyar jinyar da ke kula da masu farfaɗiya a asibitin da nake zuwa. Sista muke ce mata. Ban nemi izininta ba, shi ya sa ba zan ambaci suna ba. Da yawanku ba ku san ina da farfaɗiya ba, to tun ina budurwa nake shan magani. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke gano ciwon ya rubuta magani, sai dai akan yi watanni kafin a sake ganinsa, in an shiga kuma ga layi na jira a waje. Duk tambayar da ta taso tsakanin wannan zuwa da na gaba, wurin Sista take zuwa, domin ita a kan wannan ciwon ta yi ƙarin horo.

Lokacin da na gaya mata muna son haihuwa, sodium valproate nake sha, kuma ya riƙe ni shekaru ban faɗi ba. Ta jawo kujera kusa da ni, ta ɗauki takarda ta yi ɗigo goma, ta zagaye guda. Ta ce cikin jarirai 10 da uwayensu suka sha wannan maganin da ciki, kusan 1 kan zo da tawaya a halitta, 3 zuwa 4 kuma kan samu jinkirin magana ko wahalar koyo. Gabana ya faɗi, na ce to daga yau na bar shi. Ta riƙe hannuna ta ce kul, yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya na iya jawo faɗuwa mai tsawo da ba ta tsayawa da kanta, wadda ke iya kai mutum ga rasa rai. Ba ta ɓoye mini haɗarin ba, ba ta kuma ce in haƙura da haihuwa ba. Ta ce mafi yawan mata masu farfaɗiya lafiyayyun 'ya'ya suke haifa, in dai an shirya tun kafin a samu cikin.

Ita ta haɗa ni da likita aka tsara sauya ni zuwa wani maganin farfaɗiyar mai suna lamotrigine. Kaɗan-kaɗan ake ƙara shi, domin gaggawa na iya fito da ƙuraje masu haɗari, sai ta zana mini jadawali na mako-mako, ta ce ko ƙurji nawa na gani in kira ta a ranar. Ta sa na fara shan folik asid, ƙwayar bitamin da ake ba mai shirin ɗaukar ciki. Watannin sauyin nan su ne mafi wuya, don faɗuwa ta dawo mini, tsoron da na manta da shi ma ya dawo.

A nan ne ta ce in zo da maigidana. Ta shimfiɗa bargo a ƙasan ofishinta ta sa na kwanta, ta sa shi ya juya ni gefe guda, ya sake, ya sake, har hannunsa ya saba. Ta ce ya sa abu mai laushi ƙarƙashin kaina, ya kawar da duk abin da zai ji mini ciwo, kada ya danne ni, kada ya cusa mini komai a baki, don mutum ba ya haɗiye harshensa, kuma yawun ba ya yaɗa ciwon. Idonsa ya kasance kan agogo: in faɗuwar ta wuce minti 5, ko wata ta biyo wata ban farfaɗo ba, ya ba ni maganin gaggawar da ake zubawa a cikin kumatu, ya nemi asibiti. Daren da abin ya same ni a gida, abin da ya yi ke nan. Daga baya ya ce mini jikinsa na rawa, amma ya san abin da ke biye da wane.

Da cikin ya samu, ta bayyana mini cewa jikin mai ciki yana fitar da lamotrigine da sauri, don haka ake auna jini ana ƙara yawan maganin. Laulayi ya sa ni amai, ta rubuta mini abin da zan yi in na amayar da ƙwayar. Kafin watan haihuwa ta aika wa ɗakin haihuwa takarda mai bayanin maganina da lokutan shansa, har ina naƙuda ungozoma ta duba agogo ta miƙo mini ƙwayata da ruwa. Yanzu ma ba ta sake ni ba. An fara rage maganin, ta tabbatar mini zan iya shayarwa, ta ce in riƙa ba da nono ina zaune a ƙasa, kada in yi wa jaririya wanka cikin baho ni kaɗai, a kuma karɓe ni wani sashe na dare saboda rashin barci na tayar da ciwon.

Abin da ke damuna shi ne ba kowane asibiti ke da irinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 za su iya daina faɗuwa in sun samu gwaji da magani daidai. A 2022 ƙasashe suka amince da tsarin aiki kan wannan ciwon da zai kai 2031. Roƙona ga masu riƙe da asibitoci shi ne su horar da ma'aikatan jinya a wannan fanni, domin na gani da idona, ƙwayar ba ta isa sai da mai koya wa mutum yadda zai zauna da ita.

Sista, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya da haƙuri da mu, ya raya miki zuri'a, ya sa wannan aikin a mizani. Amin.