Kwana biyu a ƙarƙashin tsohuwar Land Cruiser ɗina, ni da abokai

Na fi wata uku ina ganin wani baƙin abu mai kauri yana tsiyaya ta bayan tayar gaba ta hagu, a jikin ƙwallon nan na ƙarfe da ke ƙarshen aksul, kullum na leƙa sai in ce gobe, gobe ta zama wata uku. Motar Land Cruiser 80 ce ƙirar 1994, injin dizal 1HZ mai silinda 6, lita 4.2, babu turbo babu kwamfuta, ta girmi wasu daga cikin yaran da ke taya mu miƙo sufana. Ina sonta sosai, shi ya sa ranar da na karya sitiyari har ƙarshe cikin fowil, wato lokacin da tayoyi huɗun duk ke jan mota, naji ƙas ƙas ƙas daga gaba, wallahi sai da gabana ya faɗi.

Mu biyar ne muke haɗuwa kusan duk ƙarshen mako, babu bakanike a cikinmu in ka cire dattijon da muke kira Baba, shi ya yi shekaru yana aikin manyan motoci kafin ya ajiye. Ɗaya yana da Land Rover Defender mai injin 300Tdi, ɗaya Nissan Patrol Y60 mai TD42, ɗaya tsohuwar Pajero, sai ni. Na tura masu hoton wurin, kafin minti biyar Baba ya kira ni, ya ce ɗana wannan ba giris bane kaɗai, man giya ne ya tsallako ya haɗu da giris, sil ɗinka na ciki ya tafi, kar ka ƙara saka fowil sai mun buɗe.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai taɓa buɗe wurin ba. A irin waɗannan motocin aksul ɗin gaba ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe, kuma tayar gaba aiki biyu take yi lokaci ɗaya, tana jan mota tana kuma karyawa hagu da dama. Abin da ke ba ta damar yin hakan wata gaɓa ce da ake kira Birfield, tana zaune cikin ƙwallon ƙarfen nan, cikinta akwai ƙwallaye 6 a cikin keji, kuma giris take so ta yi iyo a ciki. Ita kuwa tukunyar aksul da ke can wajen tsakiya man giya ne abincinta. Tsakanin su biyun wani ɗan ƙaramin sil ne kawai ya raba, wato zoben roba mai tare mai, in ya ci sai man giya ya gangaro ya narkar da giris ya zama ruwa-ruwa ya fara bin jiki yana fita, gaɓar ta bushe, ita ma tukunyar manta ya ragu. Kaga asara biyu kenan daga abu ɗaya da bai kai tafin hannu ba.

Da safe muka fara. Abu na farko da Baba baya sassauci a kai shine jak, ya ce jak na ɗaga mota ne, ba na riƙe mota ba, sai da muka kafa ƙafafun ƙarfe biyu a ƙarƙashin shasi, muka tare tayoyin baya, muka kuma tura tayar da muka cire ƙarƙashin motar a kwance. Motar nan ta haura tan 2, in ta sauko a kan ƙirjin mutum magana ta ƙare. Ni ma yanzu duk wanda naga ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai sai na yi masa magana ko ban san shi ba.

Inda muka fara shan wahala shine wajen cire hob, wato ƙarfen tsakiyar taya da ake kullewa in za a saka fowil. Akwai wasu ƴan wasa, wato zoben ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin noti, masu siffar mazurari a jikin kowane ƙusa, guda 6, suna riƙe kamar an yi masu walda. Na ɗauko sukurdireba zan ɓanɓare, mai Patrol ya riƙe min hannu, ya mayar da noti kan ƙusar daidai bakinta don kar zaren ya lalace, ya ɗora guntun tagulla ya buga da guduma sau biyu, sai ga wasan ya yi tsalle ya fito da kansa. Na karanta wannan a littafin gyara amma ban gane ba sai da naga hannun mutum yana yi. Bayan nan sai manyan notin nan biyu masu cin soket 54, ni bani da shi, mai Defender nasa 52 ne bai shiga ba, a akwatin Baba muka samu, wani tsoho duk ya yi baƙi. Dalilin haɗuwar kenan ma a wani ɓangaren, babu wanda yake da kayan aiki duka a cikinmu amma in muka zube akwatunanmu wuri ɗaya da wuya a rasa abu.

Da muka zaro sandar aksul da gaɓar, abin da ya zubo ko kyan gani babu, baƙi da ruwan toka a haɗe ga wari. Muka wanke komai tas da dizal, muka ware gaɓar muka fito da ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, Baba ya bi hanyoyin da suke gudu a kai da farcensa ya ce ji nan, akwai ɗan rami a gefe ɗaya, shine ƙarar da kake ji. Bata fashe ba, kejin ma lafiya. Shawarar da ya bayar ita ce tunda dole mu buɗe ɗaya ɓangaren ma, mu musanya su, ta hagu ta koma dama ta dama ta dawo hagu, saboda in mota na tafiya gaba gefe ɗaya ne ke ɗaukar nauyi, in ka musanya sai gefen da bai ci ba ya karɓi aiki. Sandunan dai ba a musanya su don tsawonsu ba ɗaya ba, gaɓoɓin kawai. Mai Pajero bai yarda ba, shi a ganinsa tunda an riga an buɗe a saka sabo a huta, sun ɗan ja maganar. Ni na bi Baba, dalilina shine tsohuwar gaɓa ta asali da ta ɗan ci na fi yarda da ita a kan sabuwar da ban san wa ya ƙera ta ba. Amma sil da boris da gaskit duk sababbi na saka kuma na asali, a nan kam bana neman sauƙi, don in sil ya ƙi zama aikin kwana biyun nan zaka sake daga farko.

Sai kuma tambayar da ta fi komai amfani a ranar, Baba ya ce toh me ya kashe sil ɗin? Na ce tsufa mana. Ya ce je ka taɓa numfashin aksul. Wani ɗan bututu ne a saman aksul mai hula, aikinsa in mai ya yi zafi iska ta kumbura ta samu hanyar fita. Nawa laka ta toshe shi ta bushe kamar siminti. Iska ta rasa mafita sai ta tura mai ta inda ya fi rauni, wato sil. Kuma akasin haka ma na faruwa, in aksul ya yi zafi ka faɗa ruwa da shi, iskar ciki ta tsuke nan take sai ta zuƙo ruwa ciki, shi ya sa in ka kwance noti kaga man giya ya koma fari-fari kamar madara toh ruwa ya shiga, a zubar a saka sabo ba jira. Muka saka dogon tiyo muka jawo numfashin har sama cikin ɗakin injin. Da ban zo da motar cikin mutane ba da sabon sil zan saka in bar abin da ya kashe na farko yana nan.

Rana ta biyu haɗawa ce, kuma ta fi buɗewa cin lokaci. Gidan ƙarfen da ya rufe ƙwallon yana juyawa ne a kan boris biyu, sama da ƙasa, akwai wasu siraran faranti da ake saka wa don daidaita matsi, tun wajen cirewa muka ware su muka ɗaure da waya don kar su cakuɗe. Bayan an ɗaure sai a saƙala ƙaramin sikeli mai sifirin a ja a ga nauyin da yake buƙata kafin ya motsa, a gwada da abin da littafi ya ce. In ya yi sako-sako sitiyari zai riƙa rawa a hanya, in ya matse da yawa boris ya lalace. Giris ma kala biyu ne, baƙin nan da ake kira moli na gaɓa da cikin ƙwallo, na boris ɗin taya daban. Notin da ke riƙe hannun sitiyari a ƙasan ƙwallon kuwa da sufana mai awo muka ɗaure su, waɗannan in suka kwance a kan gudu ba ƙaramin hatsari bane.

Muna cikin wannan mai Defender ya shiga ƙarƙashin tasa da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa shasi. Land Rover tun 1948 jikinta alminiyon ne, baya ruɓewa irin na ƙarfe, sai ka ganta a waje tsaf amma shasin ƙarfe ne kuma daga ciki tsatsa ke cinsa, inda laka ke kwanciya ta riƙe danshi. Wajen ƙarfen baya na ƙarshe gudumar ta bada wata ƙara mara daɗi, ya danna sukurdireba sai ta shige. Ya yi shiru na ɗan lokaci, mu ma duk jikinmu ya yi sanyi, an daina ƙera irin wannan Defender ɗin tun 2016 kuma ya sha faɗa mana ba zai rabu da ita ba. Baba ya leƙa ya ce ƙane kwantar da hankalinka, ana yanke wannan ɓangaren a saka sabo, sauran shasin da ƙwarinsa. Nan take muka saka shi a layi.

Ana yawan gardama tsakaninmu wace mota tafi, mai Patrol kullum maganarsa TD42 haƙoran giya ke juya taiminsa, wato abin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, babu bel ɗin da zai tsinke, kuma gaskiyarsa ne. Nawa 1HZ bel ne, ana canza shi duk kilomita 100,000, har fitila ke akwai a dashbod mai rubutun T-BELT don tunatarwa, kuma in ya tsinke injin na aiki fistin zai haɗu da bawul. Ni dai abin da na gani a shekarun nan shine duk cikinsu babu wadda ke mutuwa haka kawai, sai ta daɗe tana ɗiga ko tana ƙara ko tana zafi mai ita yana kawar da kai kamar yadda na yi wata uku.

Wajen yamma muka sauke motata, muka cika tukunyar da man giya 80W-90 har ya fara dawowa ta bakin ramin, na taka birki sau da yawa sai da ya yi tauri kafin na motsa. Muka fita wani fili mai ƙasa, don irin tawa ba a saka mata fowil a kan kwalta, babu abin da ke raba gudun gaba da na baya sai ƙarafan su murɗe. Na kulle hob biyu, na ja ƙaramin giya, na karya sitiyari har ƙarshe hagu, na zagaya, na karya dama na zagaya, Baba na tafiya a gefe ya sunkuyar da kai yana saurare. Shiru, sai ƙarar injin kawai. Ya ɗora tafin hannu a kan hob ya ji babu zafi, ya ce bayan kilomita ɗari biyu ko uku in dawo mu sake duba notin ƙasan nan da matsin boris, kuma in riƙa kulle hob ko sau ɗaya a wata ina ɗan tafiya don mai ya zagaya ko bana buƙatar fowil.

Sati mai zuwa shasin Defender ne, mai Pajero zai zo da injin walda, ni kuma an ɗora min cire tankin mai kafin a kunna wuta kusa da wurin. Bel ɗina saura kamar kilomita 6,000, na riga na sayo shi da abin matse shi suna cikin but.