Zanen da ke haɓar minista

A ƙarshen 2020 ina zaune a shagon Kawu ina latse-latsen waya, sai na ci karo da hoton Nanaia Mahuta, wadda aka naɗa ministar harkokin wajen Niyu Zilan. A haɓarta akwai baƙin zane mai lanƙwashe-lanƙwashe. Na miƙa wa Kawu wayar. Shi da zuben Gobirawa ya cika masa kumatu, ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Wannan 'yar gidan wa ce?"

Ashe tambayar da zanen yake amsawa ke nan. Mutanen Maori, 'yan asalin Niyu Zilan da ministar ta fito daga cikinsu, suna kiransa ta moko, na haɓar mata kuma moko kauae. Asalin mutum yake nunawa, da danginsa da matsayinsa, kuma ba a ɗaukar na wani a kwafa wa wani. A 1840, da ake ƙulla yarjejeniyar Waitangi da Turawan Ingila, wasu sarakunansu ɓangaren zanen fuskarsu suka zana a takarda a madadin sa hannu.

Yadda ake yinsa a da shi ya fi tsaya mini a rai. Ba allura ba ce. Wata 'yar ƙaramar kurfi ce mai suna uhi, da ake sassaƙawa daga ƙashin wani babban tsuntsun teku. Mai zanen zai ɗora ta a fata ya riƙa ƙwanƙwasawa da ɗan sanda har fata ta tsage, sannan a cusa baƙin da aka haɗa da kunkunniya. In ya warke sai ya bar kwari, ka shafa ka ji shi a yatsa. Fuska kan kumbura har cin abinci ya gagara, sai a riƙa ɗura wa mutum abinci mai ruwa da wani mazurarin katako da suke kira korere. Da na karanto wa Kawu wannan, cewa ya yi wanzaminsu na ƙauye ashe mai tausayi ne.

Akwai wurin da labarin ya yi muni. Maori sukan busar da kawunan manyansu su adana don girmamawa, na abokan gaba kuma a matsayin ganima. Da Turawa suka ƙyalla ido suka gani, sai abin ya koma kasuwa, ana ba da kai a karɓi bindiga, har sai da gwamnan Niyu Sawut Wels da ke Ostareliya, Ralph Darling, ya haramta cinikin a 1831. Tun 2003 gidan tarihi na Te Papa da ke Welintin, babban birnin Niyu Zilan, ke bin ƙasashe yana karɓo kawunan. Faransa ta mayar da ashirin a 2012.

Zanen fuskar maza ya kusa ɓacewa a ƙarni na 20, tsofaffin mata ne suka riƙe na haɓa. Yanzu ya dawo, galibi da inji, wasu kuma sun koma ga uhi. Baƙo mai sha'awa akan yi masa wani daban mai suna kirituhi, wanda ba ya ɗauke da asalin kowa, kuma ni a ganina hakan shi ne daidai.

Kawu 'ya'yansa tara, babu ko ɗaya mai zube. Na tambaye shi ko yana nadama. Ya shafa kumatunsa ya ce shi dai bai taɓa ɓata a kasuwa ba, sannan ya miƙo mini wayata don mai sayen sukari ya shigo.