Wai maganin bai yi ba

Yau wata mata ke cewa ta daina ba mahaifiyarta donepezil, maganin cutar mantuwa ta Alzheimer, wai wata biyu ana sha amma tambaya ɗaya tsohuwar take ta nanatawa, ga gudawa, ga mugayen mafarkai. Ban ga laifinta ba. Sai dai cutar Alzheimer ba a warkewa. Tana farawa da mantuwar abin da ya faru ɗazu, kalma ta ɓace a baki, mutum ya ɓata a hanyar da ya saba. Donepezil rushewar asetilkolin, sinadarin da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, yake ragewa, alamomin su ɗan lafa na wani lokaci.

Ana farawa da miligiram 5 kullum, bayan mako 4 zuwa 6 likita kan kai shi 10. Gudawar yawanci tana lafawa, mafarkan kuwa sai a maida shan da safe. Suma ko raguwar bugun zuciya, wannan kam a garzaya wurin likita. In cutar ta yi nisa akwai wani maganin, memantine, daga miligiram 5 zuwa 20, ana ƙara 5 duk mako. Abin da ya tsaya min a rai, babu wanda ya faɗa wa matar nan cewa in jikin tsohuwar bai ƙara taɓarɓarewa ba, wataƙila aikin maganin ne.