Talata, ranar dangwale

Ƙarfe shida na tashi, gari duhu ƙirin. Haka Nuwamba take a Holan, sai wajen takwas rana ke leƙowa, in ma ta ga dama. Na yi asuba, na ɗora ruwan shayi, na laluba aljihun rigar sanyi sau biyu don in tabbatar katina na ciki. Yau Talata, kuma a sansaninmu ba a wasa da Talata.

Su nan suna ce da abin meldplicht, mu 'yan Hausa uku da ke nan muna ce masa dangwale. Duk mako sai ka kai kanka, ka miƙa kati, ka ɗora yatsa a kan na'ura. Hukumar COA mai kula da masaukan masu neman mafaka tana son sanin ko har yanzu gadonka na da mai shi, 'yan sandan da ke kula da baƙi kuma suna son sanin ba ka sulale ba. Ka ƙi zuwa babu dalili, ana iya taɓa kuɗin abincinka na mako. Ka tsallake sau biyu a jere, to gadon ma kana iya rasa shi. Mu da sauƙi ma, waɗanda aka ƙi karɓarsu aka kai wuraren da ake taƙaita zirga-zirga kusan kullum suke dangwalawa.

Layi ya kai bakin ɗakin wanki kafin in iso. Siriyawa, 'yan Iritiriya, Turkawa, 'yan Yaman, kowa ya cusa hannu a hammata. Baba na gabana, wani dattijo da ke kwana a ɓangaren ƙasa na masaukinmu, ya waiwayo ya ce, "Ɗana, an kwana lafiya? Yau ma za mu je mu shaida musu ba mu mutu ba." Na ce, "Baba, Allah ya bar mana ku." Kullum sai ya faɗi wannan, kullum kuma sai na yi dariya.

Da layi ya zo kaina, na'ura ta ƙi ni. Sau uku ina ɗorawa tana nuna ja. Ruwa da sanyin wurin da nake aikin tsinkar tumatir sun shafe min zanen yatsu, fatar ta yi sumul kamar ta sabon jariri. Matar da ke teburin ba ta ɗaga murya ba, ta ce in hura wa yatsan iska in murza a goshi. Na yi, ya kama. Abin bai kai minti biyu ba, amma gabana ya faɗi sosai. Ga ni tsaye, ga fuskata, ga hotona a kati, sai dai in yatsa bai yi magana ba, kamar ban zo ba ne.

Kakannin kakannina sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka nufi gabas da niyyar Makka, suka yada zango a bakin kogin Nilu, garin da ake kira Maiurno ya kafu. Babu wanda ya ƙirga su duk mako. Ni kuwa yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya kore ni daga Umdurman, na bi ta Libiya da teku, na ƙare a ƙofar Ter Apel inda kowa ke fara rajista. Ban ce ƙirgar laifi ba ce. Mai gida dole ya san baƙi nawa ke cin tuwonsa. Abin da ke ci min rai shi ne dangwalen ba ya matsar da maganata ta neman mafaka ko taku ɗaya. Ya kan hana a cire ni ne kawai.

Saboda shi na makara wurin aiki da awa biyu, kamar kowace Talata. Mai gonar ya saba, ya ɗaga min hannu kawai. Aikin ma sai da na cika wata shida kafin a ba shi izinin ɗaukata. Baba ya ce a da mako 24 kacal ake bari mutum ya yi a shekara, sai a ƙarshen 2023 babbar kotu ta soke iyakar. A hanya ina ta dannar feda a kan keke, iska na mayar da ni baya.

Da magariba na dawo na tarar gadon abokin ɗakina an yaye zanin. Yau Talata ta biyu ke nan bai zo ba. Ya taɓa ce min yana da ɗan'uwa a Beljiyom, ban ɗauka da gaske yake ba. Na kira lambarsa, a kashe. Takalmansa na sanyi na nan ƙarƙashin gado, na tura su lungu ko zai aiko a ɗauka.

Bayan isha'i Inna ta samu intanet, ta kira. Ta ce, "Ka je wurin mutanen yau?" Na ce na je. Ta ce, "To me suka ce?" Na ce, "Inna, sun ce in dawo Talata."