Ƙofofin Kyoto ba kuɗi ne ke buɗe su ba

Kamfaninmu na jagorar baƙi a Japan ƙarami ne: ni, da yarana biyu, da wata 'yar Japan mai riƙe mana waya da littafin alƙawura. Ofis yana Osaka, amma kusan duk aikin a Kyoto ake yin sa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa. Baƙinmu galibi manyan 'yan kasuwa ne da iyalansu daga Kano da Abuja da Yamai, sai 'yan uwanmu mazauna Jidda da Dubai. Mu ke tarbar su a filin jirgin Kansai, wanda aka cike teku aka gina aka buɗe a 1994, mu ne kuma za mu mayar da su can ranar komawa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, masauki da ci da sha da mota da wurin sallah duk a wuyanmu suke.

Abin da na fi shan wahalar fahimtar da sabon baƙo shi ne cewa a garin nan kuɗi ne ke zuwa a ƙarshe. Alhajin da ya saba da Dubai yakan ce min, "Malam, nawa ne? A biya kawai." Sai in ce ranka ya daɗe, ai ba su tambayi nawa za ka biya ba, tambayarsu wa ya kawo ka. Kyoto ta zama mazaunin sarkin Japan tun 794, ta riƙe wannan matsayi fiye da shekara dubu kafin fada ta koma Tokyo, kuma har yau mutanenta suna ji da kansu. Tsofaffin gidajen shayi na unguwar Gion, inda mata masu horon rawa da kiɗan gargajiya ke karɓar baƙi, ba sa buɗe wa wanda ba su sani ba ƙofa, ko da buhun kuɗi ya ɗauko. Sai wanda suka yarda da shi ya gabatar da kai. Ba a ma kawo maka takardar kuɗi a daren, daga baya ake aika wa wanda ya tsaya maka. Ke nan duk baƙon da na shigar irin wannan gida, sunana na jinginar.

Sunan nan kuwa ba a yini ɗaya aka same shi ba. Kayan gyaran mota na hannu ne suka kawo ni ƙasar nan, ina loda wa iyayen gidana kwantena. In sun zo sayayya, ranar Lahadi sai su ce in zaga da su gari, ni kuma in kai su inda kowa ke zuwa, mu sha turmutsutsu mu dawo da ciwon ƙafa. A haka na haɗu da wata dattijuwa mai lasisin gwamnati na jagorar baƙi, wadda ta yi shekara da shekaru tana wannan aiki. Ta ɗauke ni ɗan riƙon lema. Na daɗe ina bin ta ban buɗe baki na yi wa baƙo bayanin komai ba. Aikina in juya takalman da aka cire su fuskanci ƙofa, in riƙe agogo in auna minti nawa tsoho ke yi daga inda mota ta tsaya zuwa ƙofar haikalin Kiyomizu, in san wace matakala ce ke santsi in an yi ruwa. Ita ta koya min cewa ba a zuwa gaida mai masauki hannu rabbana, kuma lokacin da ba ka da wata buƙata shi ne lokacin zuwa gaisuwar. Da ƙarfinta ya fara raguwa, ta riƙa kai ni gida-gida tana cewa wannan yarona ne, ku karɓe shi kamar ni. Jarin kamfanin nan ke nan, Allah ya saka mata.

A kan lokaci kuwa, Musulmi na da wata riba da sauran masu yawon buɗe ido ba su da ita: mun riga mun tashi da asuba. A 2024 baƙi kusan miliyan 37 ne suka shigo Japan, kuma in ka je wurin bauta na Fushimi Inari da hantsi sai ka rantse dukansu can suka nufa. Amma wurin a buɗe yake dare da rana. Muna idar da sallah mota na ƙofa, gari na wayewa muna ƙarƙashin dubban jajayen ƙofofin katakon nan da suka jeru har kan dutse, babu kowa sai masu shara da tsofaffi masu motsa jiki. An kafa wurin tun 711. Nakan bari baƙo ya yi nisa sannan in ce ya waiwayo, domin a bayan kowace ƙofa an rubuta sunan kamfani ko mutumin da ya ba da ita da ranar da aka kafa ta. 'Yan kasuwa na son wannan ƙwarai. Daga nan mu wuce Kiyomizu da ke buɗewa ƙarfe 6, su ga barandar katako mai tsayin kusan mita 13 da aka harhaɗa babu ƙusa ko ɗaya, ginin da ke tsaye tun 1633. Kafin motocin ɗalibai su iso mun koma karin kumallo.

Kusan kowane dattijo sai ya ja ni gefe ya tambaya, "To Malam, shigar mu nan babu laifi kuwa?" Amsata ɗaya ce: kallon gini da tarihi muka zo, ba ma rusunawa, ba ma jefa kwabo a akwati, ba ma kaɗa ƙararrawa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, akwai lambu da fadoji da suka ishe shi. Fadar Nijo ma kaɗai ta isa yini: shugaban soja Tokugawa Ieyasu ya gina ta a 1603, daɓen katakon barandunta na kuka kamar tsuntsu in an taka, kuma a cikinta ne a 1867 shugaban soja na ƙarshe na wannan zuriya ya bayyana mayar wa sarki mulki. Haikalin zinare na Kinkakuji kuwa ba na ɓoye wa kowa cewa kallon rabin awa ne, kuma wanda ake gani yanzu an sake gina shi ne a 1955 bayan wani matashin ɗan gidan ya cinna wa na asali wuta a 1950. Kyakkyawa ne, a ɗauki hoto a wuce.

Inda ake gane gwani a sana'ar nan shi ne abinci. Cire naman alade daga faranti kowa zai iya. Matsalar girkin Japan tana cikin abin da ido ba ya gani: giyar shinkafa da ake zubawa a romo, da wata mai zaƙi da ake kira mirin wadda ke shiga kusan kowace miya, da ƙashin alade a romon taliyar ramen. Liyafar kaiseki, wadda ita ce ƙololuwar girkin Kyoto, 'yan ƙananan kwanuka ne ke zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da abin da lokacin shekara ya kawo. Kafin in kai baƙo irin wannan wuri sai na zauna da mai girkin makonni kafin ranar, mu bi kwanukan ɗaya-ɗaya. Wasu sukan ce ba za su iya ba, girkinsu ba ya tsayuwa babu mirin, kuma ina ganin girmansu a kan wannan gaskiyar. Waɗanda suka yarda sukan sake gina ɗanɗanon daga tushe da romon ganyen teku da busasshen kifi, su ware tukwane da wuƙaƙe. Akwai wani dattijo da ya yi ta gwaji har sai da ya gamsu da kansa kafin ya ce in kawo mutanena. Naman shanun Japan da ake kira wagyu kuma ba na karɓa sai na ga takardar yankan halal da lambar saniyar, domin kowace saniya a Japan tana da lamba mai alƙaluma 10 da za a bi a gano inda aka haife ta da inda ta girma.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu kwaikwayo. Tun da aka sassauta doka a 2018 kowa ke iya jagorar baƙi a biya shi ko ba lasisi, sai ga yara sun cika Instagram da hotunan da ba su suka ɗauka ba, suna tallar "Kyoto ta alfarma" a rabin farashinmu. Su kai mutum gidan abinci su ce a cire naman alade, shi ke nan wai ya zama halal. Su ɗauke shi a motar gida mai farar lamba, alhali motar haya ta ƙa'ida koriyar lamba gare ta, kuma ɗaukar fasinja don kuɗi a motar gida ba tare da izini ba laifi ne. In aka yi haɗari, wa zai biya asibiti? Irinsu ne ke tura baƙi su bi mata a lungunan Gion da kyamara, har mazauna unguwar suka hana ɗaukar hoto a lungunansu a 2019 da tarar yen 10,000, a 2024 kuma suka fara rufe wasu gaba ɗaya. Sannan baƙon da suka cuta ya koma gida yana cewa Japan ba ta da daɗi.

Roƙona ɗaya ga Hajiyoyinmu: yajin da ke cikin jaka, a ɗan ɗanɗana abincin tukuna kafin a fito da shi. Mutumin ya tashi tun duhu ya zaɓo kifin nan.

Masauki ma sai da bayani. Manyan otal na zamani suna nan, kuma mai ciwon gwiwa can nake kai shi. Amma wanda ke son ya ce ya kwana a Kyoto, tsohon masaukin gargajiya ya kamace shi, irin su Hiiragiya da ke karɓar baƙi tun 1818. Ɗakuna kaɗan ne, kowanne da mai hidimarsa, ƙasa shimfiɗe da tabarmar tatami, da dare a shimfiɗa katifa a kai. Wani Alhaji ya taɓa duban ɗakin ya ce, "Duk wannan kuɗi, a ƙasa zan kwana?" Washegari shi ne ya nemi a ƙara masa kwana. Wankan ruwan zafi na jama'a tsirara ake shiga, don haka ɗaki mai wurin wankansa kawai nake kamawa. Kafin baƙo ya iso yarona ya riga ya sa alamar alƙibla, saboda a nan yamma ake fuskanta a ɗan karkata arewa, kuma dattijon da ya shekara sittin yana kallon gabas sai ya tambaya sau biyu kafin ya tayar da kabbara. Ranar Juma'a Kobe muke zuwa, masallacin da aka gina a 1935, wanda ya fi kowanne daɗewa a ƙasar, ya tsira daga bama-baman yaƙi da girgizar ƙasar 1995.

Wurin da na fi son kai mata shi ne wajen masu rini da masaƙan unguwar Nishijin. Ni a kusa da Ƙofar Mata na tashi, warin baba ba baƙo ba ne a hancina, kuma ranar da na fara ganin tsohuwa 'yar Kyoto tana ƙulla siliki da zare ɗigo-ɗigo kafin a tsoma shi, sai na ga hannun matan unguwarmu sak. Ƙyallen kimono ɗaya, wato rigarsu ta gargajiya, na iya cin dubban ƙulli da watanni na aiki. Waɗannan ba shaguna ba ne, gidajen mutane ne, alfarma suke mana su bar aikinsu su zauna da mu. A nan ne nake roƙon kada a taya. Na sani a wurinmu ciniki ba ya daɗi sai an ja, amma a nan in ka ce "rage mana" mai sana'a na jin ka raina aikinsa ne. Ba zai yi musu ba, zai yi murmushi ya rusuna, ni kuma in na kira a wata mai zuwa a ce min ba su da sarari. Haka abin yake da makara. Mai gidan abinci mai kujera takwas ya sayi kayan mutum takwas, in Alhaji ya ce ya gaji a ɗaga zuwa gobe, kuɗin sun tafi, kuma ni ne zan je da tsaraba in ba da haƙuri. Jirgin ƙasa na Shinkansen da ke kai mutum Tokyo cikin awa biyu da 'yan mintuna ba ya tsayuwa a tashar Kyoto fiye da minti ɗaya ko biyu, ba ya kuma jiran mai rawani. Akwatunan nan namu manya-manya tun daren jiya muke aika su ta kamfanin kai kaya su riga mu isa.

Mai niyyar zuwa ya zaɓi lokacinsa. Furen sakura ƙarshen Maris ne zuwa farkon Afrilu, kwanakinsa kaɗan, kuma ba ni da ikon sa shi ya buɗe ranar da aka sauka. Bikin Gion na Yuli, da manyan kekunan katakonsa da ake ja a ranakun 17 da 24 ga wata, abin kallo ne, sai dai zafin da gumi ko ɗan Sakkwato zai yi ƙorafi. Ni na fi son rabin Nuwamba na biyu, lokacin da ganyaye ke rikiɗa su yi ja. Ɗakunan kirki na waɗannan lokuta tun wata shida kafin nan ake kame su, ga biza kuma da za a nema tun daga gida. Wanda ya kira ni saura mako biyu zan karɓe shi hannu bibbiyu, amma zan gaya masa tun a waya waɗanne ƙofofi ne ba zan iya buɗe masa ba a wannan zuwan.